Randy Weston ya zo neman abin da Najeriya ke wofintarwa

A watan Disamban 1961 wani dogon Ba'amurke baƙar fata ya sauka a Legas cikin tawagar mawaƙa da marubuta, har da Nina Simone da Langston Hughes. Sunansa Randy Weston, gwanin kaɗa fiyano a salon kiɗan jaz, haifaffen unguwar Brooklyn ta birnin New York a 1926. Tun yana yaro mahaifinsa ya cusa masa cewa asalinsa Afirka ne, shi kuwa ya ɗauki maganar da gaske har ƙarshen rayuwarsa.

Shekara guda kafin zuwansa ya riga ya haɗa faifan Uhuru Afrika don taya ƙasashen da ke samun 'yancin kai murna, faifan da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta haramta. A Legas ya zauna da makaɗa irin su Bobby Benson, ya saurara, sannan a faifansa na 1963 ya kaɗa Niger Mambo ta Benson tare da bayyana sunan mai ita. A 1967 ya koma Maroko da zama, ya buɗe gidan kiɗa a birnin Tanja. Ya dawo Legas a bikin FESTAC na 1977. Ya rasu ranar 1 ga Satumban 2018 yana da shekara 92.

Zamansa na Maroko shi ya fi shafar Arewa. A can ya rungumi makaɗan Ginawa, jikokin bayin da aka kwasa daga yankin kudu da Sahara, ciki har da ƙasar Hausa. Duk wanda ya ji amon gimbirinsu zai tuna da garaya. A lokacin ba a ganin su da gashi a ka. Weston ya zauna gabansu zaman ɗalibi, ya ɗauki sautinsu a faifai da sunayensu, ya zaga duniya da su. Daga 1998 Maroko ta soma bikin Ginawa na shekara-shekara a garin Essaouira, a 2019 kuma hukumar UNESCO ta sanya kiɗan cikin jerin al'adun gado na duniya. Reshe ke nan ya yi 'ya'ya, alhali tushen yana nan babu mai ba shi ruwa.

Ba Weston kaɗai ya gane darajar tushen ba. Abokin sana'arsa Yusef Lateef ya shafe 1981 zuwa 1985 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana nazarin sarewar Fulani.

To, ina makaɗin Ibeto a cikin wannan lissafi? A wannan gari na ƙaramar hukumar Magama cikin masarautar Kontagora, da sauran garuruwa irinsa, Hausawa da Kambari da Fulani na zaune tare, kowa da kiɗansa na noma, na biki da na sarauta. Mai gangar gayya shi ma jagora ne, yana da mataimaka da 'yan amshi, yana riƙe da take da kirarin da ya gada. Idan ya rasu ba a ɗauki sautinsa ba, ɗansa kuma ya tafi acaɓa a birni, an binne kundi guda ke nan.

Wasu za su ce ƙasar da ke fama da 'yan bindiga da tsadar rayuwa ba ta da sararin ganga. Amma rashin tsaron ne ke tarwatsa ƙauyuka, shi ya sa aikin ya zama na gaggawa. Wasu kuma na ɗaukar kiɗa roƙo ne kawai, sun manta cewa a bakin Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata aka adana tarihin sarakuna da talakawan da ba a rubuta ba.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin ma'aikatar al'adu ta tarayya da Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa ba. A ware kaso daga kuɗin bukukuwan Abuja, a tura matasa da na'urar ɗaukar sauti masarauta bayan masarauta. A rubuta sunan kowane makaɗi da garinsa, a biya shi haƙƙinsa, tunda dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta tanadi kariya ga fasahar gargajiya. A kuma juye tsofaffin faya-fayan Rediyon Kaduna zuwa kwamfuta tun ba su lalace ba.

Daraktan da ke tsara kasafi da hadimin da ke rubuta wa minista takarda su ne za su iya sanya wannan layi a kasafin baɗi. Daga Abuja zuwa Ibeto tafiyar yini guda ce.