Mai ƙera mota cikin gidansa ba mahaukaci ba ne

Jama'a, akwai wani hali gare mu da ya kamata mu bari. In anka ji labarin wani saurayi ya tara tsofaffin ƙarafa bayan ɗakinsa, ya ce zai ƙera mota, sai dariya ta tashi. Wani ya ce yaron ya taɓu. Wani ya ce ɓannar kuɗi ce. Wani ya ce ai Nasara ya riga ya gama yin mota, mi ya rage? In kuwa anka ji motar tsere yake son yi, wato ƴar ƙaramar motar nan mai mazaunin mutum biyu, mai gudu, wadda ba ta ɗaukar ko buhu guda na hatsi, to, sai dariyar ta ƙaru.

Ni na ce masu dariyar ga ba su da gaskiya. Ku biyo ni mu duba maganganunsu ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa an riga an yi

A shekarar 1896, cikin birnin Ditiroit na ƙasar Amurka, akwai wani ma'aikacin kamfanin lantarki mai suna Henry Ford. Shekarunsa 32. In ya taso daga aiki, sai ya shiga wani ɗan ɗaki bayan gidan da yake haya, ya yi ta ƙira har dare. Ya haɗa ƙafafun keke huɗu da wani ɗan inji. Motar ba ta wuce kilomita 32 cikin awa, ba ta kuma ja da baya. Ranar 4 ga watan Yuni da ya gama, sai ya ga ƙofar ɗakin ta yi mata kaɗan. Da gatari ya fasa bango ya fitar da ita.

To, a lokacin nan an riga an yi mota. Karl Benz na ƙasar Jamus ya riga shi da shekara 10. Da Ford ya saurari masu cewa an riga an yi, da bai kafa kamfaninsa ba a 1903. Motarsa mai suna Model T kaɗai, an ƙera miliyan 15 daga 1908 zuwa 1927.

Motar tsere ma haka ta ke. A 1948, a birnin Landan na Ingila, wani ɗan makaranta da bai wuce shekara 20 ba, Colin Chapman, ya samo tsohuwar mota Austin 7 ta 1930. Cikin garajin iyayen budurwarsa ya kwance ta, ya yi mata sabon jiki da katako da falankin alminiyam, ya sa mata suna Lotus. A 1957 ya fitar da Lotus Seven. Guntu-guntu ake sai da ita, mutum ya kai gida ya haɗa da hannunsa. Daga baya motocin Lotus sunka ci kambin kamfanoni na babban tseren duniya, Formula 1, har sau 7 tsakanin 1963 da 1978. Duk daga garajin aro abin ya faro.

Masu cewa ba ta da amfani

Gaskiya ne, motar tsere ba ta kai taki gona. Amma ku gaya mini, dokin sukuwa yana huɗa? Muna ba shi harawa da dawa, muna sai mishi sirdi, ranar salla kowa ya yaba mai shi. Ba wanda ya ce mahaukaci ne.

Kuma mota ta fi doki barin abu a hannun mai ita. Wanda ya ƙera ta ya koyi awo, ya koyi yankan ƙarfe da walda, ya san cikin inji, ya san birki da wayoyin wuta. Hannun da ya iya waɗannan shi ne zai iya gyara amalanke, da garma, da injin ban-ruwa. Ku tuna yadda muke in injin niƙa ya mutu a ƙauye. Mata su koma ga turmi, mai inji ya yi kwana da kwanaki yana jiran makaniki daga birni, ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin aiki. Yaron da muke yi wa dariya shi ne maganin wannan jira.

A ƙasar Italiya, Ferruccio Lamborghini da motocin noma ya fara a 1948, yana haɗa su da ragowar kayan motocin soja na Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1963 ya shiga ƙera motocin tsere. Nan kusa da mu, wani saurayi na garin Jos a Nijeriya mai suna Jerry Mallo ya nuna wa jama'a motar tseren da ya ƙera a watan Nuwamba na 2019. Shi ɗin kuma an san shi da ƙera injunan aikin gona. Kun ga ke nan sani guda ne. Yau ya yi motar gudu, gobe ya yi abin sussuka.

Masu cewa ɓannar kuɗi ce

Wanda ya ɗauki kuɗin cimakar iyalinsa ya sayi ƙarfe, ya yi laifi, ba ni kare shi. Amma aikin ga ba na masu arziki kaɗai ba ne. A 1996 wani malamin koyar da aikin mota a Ingila, Ron Champion, ya rubuta littafi yana nuna yadda za a ƙera irin Lotus Seven da fam 250 na ƙasarsu. Dabarar ita ce a samo mataccen Ford Escort, a cire inji da giya da gindin ƙafafu da birki. Sannan a sayi bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai faɗin milimita 25, a yanka, a yi walda, a yi sabon shasi. Yawancin waɗanda sunka bi littafin sun kashe fiye da fam 250, amma akwai waɗanda sunka gama motocinsu, da kaɗan-kaɗan, wata bayan wata. Mu da muke cin bashi don bikin kwana uku, da wane baki za mu ce wannan ne maɓannaci?

Yanzu ga ku, masu ƙira

Na kare ku, amma ina da magana da ku. Bayan masu dariya, akwai wasu da ke cutar ku, su ne masu tafi. Da sun ga jan fenti da ƙofa mai buɗewa sama, sai su ce kun gama. Ba ku gama ba. Fenti ba ya riƙe rai.

Na ɗaya, ku faɗi gaskiya. Ba wanda ke zuba inji a tsakar gida. Inji da giya daga tsohuwar mota ko babur kuke ciro su. Naku aikin shi ne shasi da jiki da haɗawa, kuma ya isa abin alfahari.

Na biyu, ku yi awo, ku zana a takarda kafin ku yanka. Ku ɗaure kara huɗu, kusurwa huɗu, ku danna: zai karkace. Ku ɗaure kara uku ku danna: ba ya motsi. Don haka shasi mai kyau cike yake da kusurwa uku-uku. Shi ya sa yake da ƙarfi ba tare da nauyi ba. Lotus Seven wajen kilo 500 gare ta, alhali motar gida ta fi kilo 1000. Rashin nauyin nan ne ke ba ta gudu, ko da ƙaramin inji.

Na uku, birki kafin gudu. Motar da ke tafiya kilomita 100 cikin awa, in an taka birki, filin da za ta ci kafin ta tsaya ya ninka na mai kilomita 50 har sau 4. Ku nisanta tankin mai da bututun hayaƙi. Ku sa ɗamarar kujera. Wajen walda ku rufe idanunku da gilashin aikin. A Ingila, motar da anka ƙera a gida ba ta samun lamba sai hukuma ta gwada birkinta da fitilunta da ɗamararta, ta duba ko akwai ƙarfe mai kaifi a jikinta. Ku ma kada ku hau hanyar jama'a, inda yara da jakuna ke ƙetarawa, sai masu binciken mota sun duba sun ba ku takarda. Rigakafi ya fi magani.

Na huɗu, haƙuri. Wani Ba'amurke, Ken Imhoff, shekara 17 ya yi yana ƙera motar tsere cikin ɗakin ƙarƙashin gidansa. A 2008, sai da anka haƙa ƙasa anka fasa bango kafin ta fito. To, ku auna ƙofa tun ranar farko.

Iyaye, in ɗanku ya kama wannan hanya, ku kai shi wajen gwanin walda da makaniki ya koya da kyau. Mai tsohon ƙarfe da ke ruɓewa bayan gida, ya ba shi. Wanda ba ya da abin bayarwa, ya riƙe dariyarsa. Muddin muna kunyata mai gwadawa, za mu daɗe muna saye, muna jira, muna biya.

Allah ya sa albarka ga hannun da ke aiki. Amin.