Zare: 'ya'yan alade masu karkarwa, da abin da ya kamata duk mai kiwo ya ɗauka a ciki

1/ Akwai wata cuta da ke sa a haifi 'ya'yan alade suna karkarwa tun ranar farko, kamar an tsamo su daga ruwan sanyi. Kai na rawa, ƙafa na rawa. Da sun yi barci sai ta lafa, da sun farka ta dawo. Ina da magana a kanta. 🧵

2/ Na san wasu za su ce "alade kuma? Ina ruwanmu?" Ku ɗan yi haƙuri. Ƙwayar cutar nan tana da 'yan uwa a cikin tumaki da shanu, kuma kusan ta ƙofa ɗaya suke shiga garke. Mai rago da mai saniya ma su gyara zama.

3/ Tun 1922 wani likitan dabbobi a Amurka mai suna Kinsley ya rubuta labarinta. Manoman can suna kiran irin waɗannan jarirai aladu masu rawa. Masana sun daɗe suna zargin bairos ne ke haddasa nau'in da ya fi yawa, amma sun kasa kama shi. Shekara 93 ana wannan laluben.

4/ Sai a 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Kansas suka tsinci sabon bairos a jinin aladu, ta hanyar karanta duk wata ƙwayar gado da ke cikin jinin. Suka sa masa suna APPV. A lokacin ba a ma tabbatar da wace cuta yake kawowa ba.

5/ A 2016 aka haɗa zare da allura. A Jami'ar Jihar Iowa aka sa bairos ɗin a jikin 'yan tayi tun suna ciki, aka haife su suna karkarwa. A Holan aka sa wa mata masu ciki, aka ga haka. Jamus ma ta same shi a ƙwaƙwalwar jarirai masu rawar jiki.

6/ Me yake yi? Jijiya tana da wata riga mai maiƙo da ke rufe ta, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Idan bairos ya shiga ɗan tayi, rigar nan ba ta kammala saƙuwa a ƙwaƙwalwa da laka. Saƙo ya riƙa tafiya yana tsalle-tsalle. Karkarwar ke nan.

7/ Abin lura: uwar kan tashi lafiya ƙalau, tana ci tana sha. Cikin alade kwana 114 ne, kuma ɓarnar tana faruwa ne makonni da dama kafin haihuwa. Ranar da ka ga jariri na rawa, ai aikin gama ya riga ya gama.

8/ Ra'ayina na farko: kuskure ne a yi gaggawar kashe su ko a watsar. Yawancinsu karkarwar na raguwa cikin makonni, wasu sai bayan 'yan watanni. Abin da ya fi kashe su yunwa ce, don baki ba ya iya kama nono, ko uwa ta danne su don ba sa iya kaucewa.

9/ To aikin na hannu ne. A riƙe su su sha dakashi a sa'o'in farko. A sama musu wuri mai ɗumi, ƙasa mara santsi, don wasu ƙafafun baya kan baje. A rage hayaniya, tunda firgita na ƙara rawar. Wahala ce ta 'yan kwanaki, amma tana ceton jari.

10/ Na biyu: a daina dirka musu allurar LA da sauran magungunan bakteriya da sunan maganin karkarwa. Bairos ba ya jin su. Kuɗi ne ka zubar, kuma kana koya wa wasu ƙwayoyin cuta taurin kai. Har yau babu allurar rigakafin APPV a kasuwa.

11/ Na uku, kuma shi ne ya fi damuna: ba kowace karkarwa ce APPV ba. Akwai ta gado, a jinsin Landrace inda maza take kamawa, da jinsin Saddleback na Birtaniya. Akwai ta guba, idan an ba mai ciki maganin ƙwari na trichlorfon a tsakiyar ciki.

12/ Akwai kuma mai hatsarin gaske, wato zazzaɓin aladu na asali, wanda ake taƙaitawa CSF. Shi ma ɗan gidan su APPV ne, shi ma yana sa a haifi masu karkarwa. Ya ɓarke a Holan a 1997, kafin a shawo kansa an kashe aladu sama da miliyan 10.

13/ Da ido ba ka da tabbacin wanne ne a cikinsu. Sai gwaji. Shi ya sa nake ganin wanda ya ga haka a garkensa ya yi shiru ya kai uwar kasuwa, ya cuci maƙwabcinsa. Ƙila abu mai sauƙi ne, ƙila kuma wuta ce ya ɗauka a aljihu.

14/ Wa ta fi kamawa? 'Ya'yan macen da ke haihuwar fari, musamman wadda aka sayo daga wata gona. Ba ta taɓa haɗuwa da bairos ɗin ba, ba ta da garkuwa, sai ta haɗu da shi tana ɗauke da ciki. A haihuwa ta gaba sau da yawa ba a sake gani.

15/ An kuma samu bairos ɗin a maniyyin maza. Jariran da suka warke su ma kan ci gaba da ɗauke da shi tsawon watanni, suna fitarwa a kashi. Yanzu ku tuna yadda ake aron namiji ɗaya yana zagaya gida-gida don barbara. Kun ga inda matsalar take?

16/ Saboda haka shawarata: sabuwar dabba a ware ta tukuna. Sabuwar mace kuma ta saba da garken makonni kafin barbara, ba bayan ta ɗauki ciki ba. Gara ta haɗu da ƙwayoyin gidan ba ta ɗauke da komai. Wanda aka haifa yana karkarwa kada a ajiye shi don iri.

17/ Yanzu ga masu tumaki. A 1959 aka bayyana wata cuta a kan iyakar Ingila da Wales, har sunanta ya zama cutar kan iyaka. Tunkiya ta yi ɓari, ko ta haifi ɗa ƙarami mai gashi tsaye yana karkarwa. Bairos ɗin dangi ɗaya ne da APPV, kuma rigar jijiyar nan dai yake ɓatawa.

18/ Ga masu shanu kuma akwai BVD, da aka fara bayyanawa a jihar New York a 1946. Idan ya shiga ɗan tayi a watannin farko, jikin maraƙin zai ɗauke shi a matsayin nasa, ya yi ta yaɗa shi har ya mutu. Maraƙi ɗaya irin wannan ya isa ya dami garke guda.

19/ Darasin ɗaya ne a dabbobin uku: lafiyar jariri tun a ciki ake tsare ta. Mu kuwa sai an haifi mai naƙasa mu fara neman magani, ko mu ce sanyi ne, ko baki. Ba a tambayar wace dabba aka shigo da ita wata uku da suka wuce.

20/ Ana kiwon alade sosai a Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da Adamawa, kuma kasuwar Katsit da ke Kafanchan na tara aladu daga wurare da dama. Ga iyalai da yawa haihuwa ɗaya ita ce kuɗin makaranta. Mai wannan jarin ya cancanci likita da gwaji kamar mai kaji.

21/ Muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom tun 1924, ga tsangayoyin likitan dabbobi a Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Abin da nake so: manomi a ƙauye ya san wa zai kira, kuma aika samfuri kada ya fi kuɗin dabbar tsada. In ya fi, ba wanda zai aika.

22/ Don a kwantar da hankali, APPV ba a san shi da kama mutum ba. Asarar ta dukiya ce.

23/ In ka ga jariri na karkarwa: ɗauki bidiyo, rubuta ranar barbara da ta haihuwa, da sabuwar dabbar da ka shigo da ita, da maganin da ka ba uwar. Kai wa likitan dabbobi, kada ka sayar da kowa a garken kafin ya duba. Masu tumaki da kuka taɓa ganin irin wannan, ku faɗa mana a ƙasa.