A Kai Makarantar Likita Inda Marasa Lafiya Suke

Jama'ar Arewa, iyayenmu da sarakunanmu, malamai da attajirai, akwai maganar da ta kashe mana mutane da yawa, kuma mun saba jin ta har ta daina girgiza mu: "Ba likita, ku wuce da ita gaba." Ana faɗa wa mijin da ya kawo matarsa babban asibitin ƙaramar hukuma da tsakar dare, naƙuda ta yi tsawo, jini ya ɓalle. Nas ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta rubuta takardar tura su Kano ko Zariya ko Sakkwato. Daga nan sai neman mota, sai cinikin kuɗin mai, sai tafiyar awa uku a hanyar da ko da rana ana shakkar bi. Wata ta isa da rai, wata kuwa a hanya ake juyowa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya wajen ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwar a duniya baki ɗaya. Kowa ya san ɓangaren ƙasar da ya fi ɗaukar wannan kaya.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci masu lasisi a ƙasar nan kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice zuwa ƙasashen waje cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage ɗin ma, kaso mai tsoka na Legas da Abuja. Gwamnatin tarayya ta ƙara yawan guraben ɗaliban likitanci, mun kuma yi murna. Amma in aka ninka ɗalibai aka cusa su cikin asibitocin koyarwar da muke da su, na Shika da na Malam Aminu Kano da na Maiduguri da na Sakkwato, me zai faru? Ɗalibai za su yi cincirindo a kan gado ɗaya, na baya yana leƙe ta kafaɗar na gaba, bai taɓa majinyacin ba balle ya koyi komai. Sannan ya shekara shida a birni, ya yi abokai a birni, ya yi aure a birni, rana ɗaya a miƙa masa takarda a ce ya tafi Gumel ko Zuru. Ba zai zauna ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Abin da nake kira a kai shi ne tsofaffin makarantunmu na likitanci su buɗe rassa a garuruwan da ke nesa da su. Ɗalibi ya yi karatun aji a jami'arsa, in ya kai shekarun shiga asibiti a tura shi reshe, ya yi wata da watanni, ko shekara guda cur, yana koyo a hannun ƙwararrun likitocin da jami'a ta ajiye a can. Manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya, takardar shaida ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da aka kafa makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, ba a gini ɗaya take koyarwa ba. Asibitocinta suna Tudun Wadar Zariya da Kaduna da Malumfashi, kafin a koma mazaunin dindindin na Shika a 2005. Manyan likitocin da muke alfahari da su a yau, da yawansu sun ga majinyacin karkara ido da ido a Malumfashi tun suna ɗalibai. Mun taɓa yi, muka bari.

Wasu kuwa sun riƙe abin. A Amurka, Jami'ar Washington tun farkon shekarun 1970 take horar da likitoci don jihohi masu faɗin ƙasa da ƙarancin jama'a irin su Alaska da Montana da Idaho, ɗalibai suna karatu a jihohinsu suna koyon aiki a ƙananan garuruwa. A Kanada, arewacin lardin Ontario ya daɗe yana kukan rashin likita kamar yadda muke yi, sai aka buɗe masa makaranta a 2005 mai harabobi biyu, a Sudbury da Thunder Bay, kuma ɗaliban aji uku suna zaman wata takwas a cikin al'umma guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2010 ta ba ƙasashe wannan shawara: a ɗauki 'ya'yan karkara, a koyar da su a wajen manyan birane, domin su ne suka fi zama a karkara bayan sun gama.

Wuraren koyarwa kuma muna da su. Akwai cibiyoyin lafiya na tarayya a Birnin Kudu da Nguru da Gusau. Wanda yake son ya iya maganin saran maciji, ina ya fi masa Kaltungo, inda ake kawo manoma da makiyaya daga gona ƙafa a kumbure? Wanda zai fahimci yoyon fitsari ya je Babbar Ruga a Katsina. Ɗakin haihuwa na asibitin Jahun a Jigawa ba ya rabo da masu jijjiga da zubar jini. Waɗannan su ne cututtukan da likitan Arewa zai yi rayuwarsa yana fama da su, kuma a can suke, ba a littafi ba. Ga wata riba: duk asibitin da ya zama wurin koyarwa dole ya gyaru. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ba ta amincewa da wuri sai ta ga gadaje da malamai da kayan aiki. Ranar da ƙwararren likitan mata ya tare a gari don koyar da ɗalibai, ranar matan garin suka sami mai yi musu tiyata.

Za a ce ina malaman, ina tsaro? Tambaya ce ta gaskiya, ba kuma za mu kauce mata ba. Ba wanda ya ce a kai ɗalibai inda 'yan bindiga ke tare hanya, kuma reshen da ba malami gara babu shi, don rabin likita hatsari ne. A fara da wuri biyu ko uku masu kwanciyar hankali, a gina su da kyau. Likita mutum ne mai iyali: yana son gida mai ruwa da wuta, makarantar 'ya'yansa, albashi a kan kari da alawus ɗin zaman karkara. Jihar da ke iya gina gadar sama a babban birninta ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Don haka kowa ya ɗauki nasa. Gwamnoni su zauna da shugabannin jami'o'i su sa hannu, jiha ta gyara asibiti da masauki, jami'a ta kawo malamai. Sarakuna su ba da fili, su kuma karɓi ɗaliban nan a matsayin baƙin gari. Attajiran da Allah Ya hore wa, ɗakin kwanan ɗalibai da ɗakin gwaje-gwaje sadaka ce mai gudana. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwa su nemo yaransu masu ƙoƙari a kimiyya, mata musamman, domin mun san yawan matan da ke ɓoye ciwo don ba sa son namiji ya duba su. A biya musu kuɗin makaranta da sharaɗin za su dawo su yi wa gida aiki na wasu shekaru.

Mu kuma sauran jama'a muna da baki, muna da ƙuri'a. Ku rubuta wa ɗan majalisarku na jiha da na tarayya, ku kira gidajen rediyo, ku tayar da maganar a taron gari da bayan sallar Juma'a. Duk ɗan takarar da ya zo neman goyon baya, kafin ya buɗe buhun shinkafa ku tambaye shi: likita nawa ne a babban asibitinmu, kuma yaushe za a fara koyar da likitoci a cikinsa?