A Yi Maganar Haihuwa Kafin A Ɗaura Ruwan Kemo

Matar da ba ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba, aka ce mata tana da sankarar mama, tambayoyi biyu ne ke cin ta a rai. Ta farko kowa ya san ta: zan rayu? Ta biyun kuwa kunya ke hana ta furtawa, balle idan miji ko uwar miji na zaune a gefe: zan ƙara haihuwa?

A wurinmu wannan tambaya tana da nauyi. Sankarar mama ce kan gaba cikin cututtukan dajin da ke kama matan Najeriya, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun nuna sama da mata 30,000 a shekara, kuma tana kama namu da ƙuruciya fiye da matan Turai. Mace ta san gorin da ke jiran wadda ba ta haihu ba, ta san zancen kishiya. Da ta ji ana cewa kemo na mayar da mace juya, sai ta tattara takardunta ta koma wurin mai saiwa, ba za a sake ganinta ba sai ciwo ya fashe. Wannan ne ke ƙona mini rai.

Tsoron nata yana da tushe. Maganin cyclophosphamide da ke cikin kemo yana lalata ƙwan mace, al'ada kan ɗauke. Amma shekaru ne ma'auni: yawancin waɗanda ba su kai 35 ba al'adarsu kan dawo, haɗarin ya fi yawa ga wadda ta doshi 40. Kuma akwai dabaru. Allurar goserelin tana kwantar da aikin ƙwan har a gama kemo. Binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna lalacewarsa ta sauka daga kashi 22 cikin ɗari zuwa kashi 8. Akwai kuma cire ƙwai a daskarar, aikin kamar mako biyu, ana yi a Legas da Abuja, sai dai kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi tun a 1986 ta halatta dashen ƙwai tsakanin miji da matarsa. Duk dabarun nan kafin a fara kemo suke da amfani, shi ya sa shirun likita a ranar farko yake da tsada.

Sai batun tamoxifen, ƙwayar da ake sha shekara biyar zuwa goma, wadda ba a ɗaukar ciki a kanta domin tana cutar da ɗan tayi. Shekara goma a rayuwar mai neman haihuwa ba wasa ba ce. A 2023 Dakta Ann Partridge da abokan aikinta suka fitar da sakamakon binciken POSITIVE: mata 516 da ba su haura shekara 42 ba, da suka sha maganin ko makamancinsa wata 18 zuwa 30, suka dakata har zuwa shekara biyu don neman ciki. Kusan uku cikin huɗu sun samu juna biyu, an haifi jarirai 365. Cikin shekara uku ciwon ya dawo wa kashi 8.9, a waɗanda ba su dakata ba kashi 9.2.

Kada wata ta karanta wannan ta jefar da maganinta. Matan can ciwonsu bai bazu ba, likitoci na bibiyarsu, sun jira wata uku maganin ya fita daga jiki, kuma sharaɗin shi ne a koma kansa bayan haihuwa da shayarwa. Namu da yawa sai a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibitin Shika ko Asibitin Malam Aminu Kano, lokacin da ceton rai kaɗai ya rage.

Ina roƙon hukumar kula da cutar daji ta ƙasa, NICRAT, da manyan asibitocinmu su mayar da shi doka: duk matar da ke shekarun haihuwa a zauna da ita, da harshen da take ji, a yi mata wannan bayani kafin a ɗaura ruwan farko. A fara da ita kaɗai domin bakinta ya buɗe. Daga baya a kira maigida, ya ji daga bakin likita cewa jira ake nema daga gare shi, shekara biyu ko uku, kuma ko an yanke mama ɗaya, ɗayan yana iya shayar da jariri.