Juma'ar da za ta yi kyau: 'yan matan tanis da dariyar da muke yi musu



Za mu fara da abin da zai sosa wa wasunmu rai. A cikinmu akwai wanda zai lissafo maka 'yan wasan Arsenal har da masu zaman benci, ya faɗi wanda ke jinyar gwiwa, ya yi hasashen inda kofi zai tafi tun a watan Agusta, alhali ko hanyar Landan bai sani ba. Amma a ce ya rubuta sakin layi uku kan ko 'yan matan manyan makarantunmu masu buga tanis sun shirya wa kakar bana, sai ya bushe da dariya: "Mata kuma? Tanis kuma? A Katsina?" Mu ma mun yi wannan dariyar, shi ya sa muka san cewa rashin sani ne da lalaci muke rufewa da ita.

Mu ɗauki yarinya daga Barkiya a ƙaramar hukumar Kurfi. Ta gama sakandare, ta samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke garin. Ranar da ta fara riƙe raket tana da shekara goma sha takwas. Idan Allah ya kai ta gasar jami'o'in ƙasa ta NUGA, wadda ake yi tun 1966, wadda za ta tsaya mata a ɗaya gefen raga mai yiwuwa 'yar Legas ce ko Ibadan da ta fara bugu tun tana firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan tazarar ta shekara goma labari ce sukutum, kuma babu wanda ya fi mu cancantar rubuta ta.

Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Marubucin da ke son sanin makomar ƙungiya a farkon kaka tambayoyi yake yi. Su nawa ne? A jami'o'in Amurka karawar ƙungiya da ƙungiya ta ƙunshi wasa shida na ɗai-ɗai da uku na bibbiyu, kuma makin da ta shida ta ci daidai yake da na gwanar ƙungiyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka makarantar da ke taƙama da tauraruwa guda ba ta da ƙungiya tukuna. Sa'a nawa suke samun fili a mako, kuma da wane lokaci? Idan maza suka kwashe sanyin yamma aka bar wa mata ƙarfe biyun rana a watan Maris, an riga an kayar da su. Wa ke sayen ƙwallo, tunda daga buɗe gwangwani iskarta take fara raguwa? Idan zaren raket ya tsinke, ina ake ɗaure shi? Sun saba jefa ƙwallo sama don bugun farko cikin iskar hunturu? Yaya atisaye zai kasance idan azumi ko jarrabawa suka faɗo tsakiyar kaka?

Sai tambayar da ta fi kowace nauyi a yankinmu, wato tsaro. A watan Oktoban 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata biyar daga masaukinsu a Dutsin-Ma. Uban da ya ce 'yarsa ta kasance a ɗaki kafin magariba ba taurin kai yake yi ba. Ke nan lokacin atisayen mata ya rage tsakanin la'asar da faɗuwar rana, kuma duk sharhin da bai lissafa wannan ba shaci-faɗi ne.

Mun san abin da za a ce mana. Na farko, sutura da tarbiyya. Mu ba malamai ba ne, ba za mu ba da fatawa ba. Abin da muka sani shi ne dokar wasan ba ta wajabta guntun siket ba, kuma tun 2019 hukumar ƙwararrun mata ta WTA ta bayyana a ƙa'idarta cewa ana iya buga wasa da dogon wando. Wasa ne da jiki ba ya taɓa jiki, raga ce a tsakani. Filin gaba ɗaya bai kai mita 24 a tsawo ba, faɗinsa bai kai mita 11 ba, ana iya kewaye shi da katanga a ware wa mata lokacinsu. Kuma duk ɗalibin hadisi ya san ruwayar tseren gudu da Nana A'isha ta yi da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mai shakka ya tambayi malami cikin ladabi. Izgili dai ba hujja ba ne.

Na biyu, za a ce wasan 'ya'yan masu kuɗi ne, mu da ke fama da tsadar masara. Gaskiya ne kayansa na da tsada. Amma Nduka Odizor yaro ne mai tsintar ƙwallo a Legas kafin ya yi karatu a Jami'ar Houston, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983. Mayar Sherif 'yar Masar ta buga wa Jami'ar Pepperdine, sannan a 2022 ta zama mace ta farko daga ƙasarta da ta ci kofin WTA. Ons Jabeur ta Tunisiya ta kai wasan ƙarshe a Wimbledon a 2022 da 2023. Ƙofar da ta buɗe wa mata wasannin jami'a a Amurka doka ce ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati. Kafin dokar, can ma dariya ake yi. Ba mu ce 'yar Barkiya za ta je Wimbledon ba. Muna cewa wadda ta koyi wasan a kwalejin ilimi gobe malama ce, kuma a hannunta 'yar firamare za ta fara ganin raket.

Yanzu mu dawo kan laifinmu. A labaran da muke rubutawa, yaushe raket ke fitowa? Sai a hannun shagwaɓaɓɓiyar 'yar Alhaji da ta dawo daga Ingila, mu saka mata shi don mai karatu ya gane ta lalace. Mun mayar da kayan wasa shaidar rashin kunya, sannan muna mamakin uwar da ta hana 'yarta zuwa fili. Tun 2016 gasar Hikayata ta BBC Hausa take nuna cewa mata na da labaran da suka wuce kishi da zaman jiran miji. Me ya hana mu rubuta yarinyar da ke tara kuɗin takalmi daga kuɗin abincinta, ko wadda ta sha kashi a wasan farko ta dawo fili washegari?

Ga aikin wannan mako. Wanda ke kusa da makarantar da ke da filin tanis ya nemi izini, ya zauna awa guda. 'Yan uwa mata, ku kuka fi samun wannan damar. A koyi ƙirgen maki, 15, 30, 40, a gane dalilin da ya sa sai an ci wasa shida kafin a ɗauki zagaye. Na Kano su leƙa gasar Dala idan lokacinta ya zo, gani ya kori ji. Kada a saka suna ko hoton kowace yarinya sai da yardarta. Kada kuma a yi mana kirari. Idan ƙungiyar ba ta shirya ba a faɗa, a faɗi dalili, domin yabon da babu bincike a cikinsa shi ma raini ne. Idan kuma aka je aka tarar da fili babu mace ko ɗaya, a tambayi mai kula da shi yaushe rabon da mace ta shigo, a rubuto mana amsarsa.

Kalma ɗari biyar sun isa. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin Juma'a, mu karanta tare mu yi wa juna gyara. Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka, ya zaunar mana da yankinmu lafiya.