Armstrong Bai Sha Shi Kaɗai Ba, Haka Ma Ɗan Dakon Mile 12

Yau da wata magana na zo wadda na san ba za ta yi wa iyayenmu 'yan kasuwa daɗi ba, har da mahaifina, don haka tun kafin in fara ina neman afuwa. Amma dai sai na faɗa.

A gidan kallo abin ya samo asali. Duk mai kallon ƙwallo ya san watan Yuli watan fatara ne, an tafi hutu a Ingila, da rana sai dai mai gidan ya saka duk abin da SuperSport ta kawo. A haka ne a 2024 muka tsinci kanmu muna kallon tseren keken nan na Faransa, Tour de France, saboda an ce akwai wani yaro ɗan ƙasar Eritiriya, Biniam Girmay, da ke ta ba Turawa kashi. Shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya taɓa cin zango a tseren, kuma har uku ya ci a shekarar. Muna cikin ihu sai wani dattijo abokin Baba, mai rumfar albasa, ya leƙo neman ɗansa. Ya ɗan tsaya ya kalla, sannan ya ce, "Ku rabu da su, duk 'yan ƙwaya ne, kamar 'yan iskan yaran nan namu na kasuwa." Aka kwashe da dariya. Shi Girmay dai ba a kama shi da komai ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, har ta sa na yi ta bin tarihin tseren a waya, kuma abin da na gano shi ne Alhajin ya faɗi rabin gaskiya, ya haɗiye rabin da ya shafe shi.

Ga wanda bai sani ba, tun 1903 ake wannan tsere. Zango 21 ne a cikin mako uku, tafiyar kusan kilomita 3,500. Wato ka hau keke daga Legas zuwa Kano, ka dawo, ka sake komawa, ga hawan duwatsun da ko tirela sai ta yi nishi. Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa, amma yawanci ɗaya ne ake so ya ci. Sauran aikinsu su tare masa iska, su koma baya wajen mota su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta fashe wani ya sauka ya ba shi kekensa. Da na gane haka sai na ce ashe su ma suna da 'yan dako.

To tarihin ƙwaya a wannan tsere ba ɓoyayye ba ne. Ranar 13 ga Yulin 1967 wani ɗan Ingila, Tom Simpson, ya faɗi daga kan keke a hawan dutsen Ventoux cikin tsananin zafi, ya mutu yana da shekara 29. An samu ƙwayar hana gajiya a jikinsa da aljihun rigarsa. A 1998 jami'an kwastan suka tare motar wani ma'aikacin ƙungiyar Festina, Willy Voet, a kan iyakar Faransa da Beljiyam, suka same ta maƙare da allurai, ciki har da EPO. Shi EPO asalinsa maganin masu ciwon ƙoda ne da jininsu ya yi ƙasa. In mai lafiya ya yi ta yin allurarsa jininsa zai ƙaru ya daɗe bai gaji ba, amma jinin kan yi kauri har ya iya tsayar da zuciya. Manajan ƙungiyar, Bruno Roussel, da bakinsa ya amsa cewa tsari ne na ƙungiya, da sanin likita. Sai kuma uban gayya, Lance Armstrong na Amurka, wanda ya ci tseren sau bakwai a jere daga 1999 zuwa 2005, yana ta bugun ƙirji shi tsarkakakke ne. A 2012 hukumar hana shan ƙwaya a wasanni ta Amurka ta fitar da rahoto, tsofaffin abokan tserensa 11 suka ba da shaida. Ashe har jininsu ake ɗiba a ajiye a firji, a mayar musu a tsakiyar tsere. Aka ƙwace duka bakwai ɗin, kuma ba a ba kowa ba, don na bayansa ma akasari hannunsu dumu-dumu yake. A Janairun 2013 ya zauna gaban Oprah Winfrey ya amsa laifinsa.

Nan ne inda nake so mai karatu ya lura. Da asiri ya tonu ba a tsaya kan mahayi kaɗai ba. Likitansa, Michele Ferrari, an haramta masa harkar wasanni har abada. Manajansa, Johan Bruyneel, shi ma daga ƙarshe haka aka yi masa a 2018. Domin sun gane cewa yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai ba ya tashi haka kawai ya soka wa kansa allura. Akwai mai kawowa, akwai mai biya, akwai kuma wanda ya tsara aikin ta yadda in ba ka sha ba ba ka da wurin zama. Akwai wani Bafaranshe, Christophe Bassons, da ya ƙi sha, ya kuma fito ya yi magana a tseren 1999. Sauran mahaya suka juya masa baya, shi kansa Armstrong ya tare shi a kan hanya ya nuna masa gara ya tafi gida. Bai ƙarasa tseren ba.

Wani zai ce mu ina ruwanmu da Turawa da kekunansu? To saurara. A Maris ɗin 2019 hukumar tseren keke ta duniya ta haramta wa mahaya wata ƙwaya a lokacin tsere, saboda tana kashe jin ciwo, tana kawo jiri da gyangyaɗi, ga kama mutum ya kasa rabuwa da ita. A 2022 aka same ta a jinin Nairo Quintana ɗan Kolombiya, wanda ya zo na shida a Tour de France, aka soke sakamakonsa. Daga Janairun 2024 kuma an hana ta a duk wasanni lokacin gasa. Sunan ƙwayar Tramadol. Tiramol ɗin nan dai namu, wanda ba sai na kwatanta wa kowa a Mile 12 ko Agege ko Idi-Araba inda ake samunsa ba.

Yanzu mu dawo gida. Tirela ta taso da tumatir daga Kadawa ko Ɗanja, ko albasa daga Aliero. Direba ya kwana biyu a hanya, ya sha fama da Mokwa da Jebba, mai kaya na ta buga masa waya kada ya tsaya, tumatir ba ya jira. Me muke zato ke hana shi barci? Ta iso cikin dare. Kafin gari ya waye, kafin mata masu sari su cika kasuwa, dole an sauke. Ɗan dako ba albashi gare shi ba, iya abin da ya ɗauka iya abin da zai samu. Buhun albasar da ya fi shi nauyi ake ɗora masa a ka, ya ratsa taɓo da shi in damina ce. Wanda ya yi sawu ashirin shi ake kira gobe, wanda ya yi goma ya zauna ya huta sai a ce rago ne. To in akwai ƙwayar da kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba, wadda za ta sa ka daina jin bayanka, kuma na kusa da kai ya sha, kai me za ka yi? Ai ko Bassons da yake da iliminsa da ƙasarsa a tsaye sai da aka kore shi, balle ɗan ci-ranin da ya baro uwa da ƙanne suna jiran aike.

Ba labari aka ba ni ba. Akwai wani yaro da ya yi mana aiki kusan shekara biyu, sa'ana ne, daga wani ƙauye a Jigawa. Inji muke ce masa. In mota ta zo ni da kaina nake cewa a nemo mini Inji, don shi ba ya cewa ya gaji. Ina ganin idonsa, ina ganin yadda yake yawan soshe-soshe, ina ganin ba ya cin abincin kirki sai shayi mai kauri. Wallahi na sani. Ban taɓa tambayarsa ba, don amsar za ta rage mana sauri. Wata asuba yana ɗauke da buhu ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure, kumfa na fita a bakinsa. Wasu suka ce iska ce, aka fara tofi. A asibiti likita ya ce tiramol ne, in ya yi yawa haka yake kayar da mutum kamar mai farfaɗiya. Baba ya biya kuɗin magani, Allah ya saka masa, ya ba shi kuɗin mota ya koma gida. Da dare ana hira na ji yana cewa, "Mun rabu da ɗan ƙwaya." Washegari wani yaron ya maye gurbinsa, da irin saurin, da irin idon. Ba wanda ya tambaya.

Wannan shi ne munafuncin da nake magana a kai. Da rana mu sayi ƙarfin, da dare mu zagi mai ƙarfin. A masallaci a yi wa'azi kan shaye-shaye kowa na gyaɗa kai, a fito a koma rumfa a ce ina yaron nan da ba ya gajiya. In an ce "'yan ƙwaya" a bakinmu kullum ɗan wani ake nufi, ɗan talakan da ya zo daga ƙauye, kamar a ƙauyen ya koyo. Da yawansu a nan suka koya, a bakin aikinmu.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ba wanda ya ɗura wa wani, kowa da hankalinsa. Gaskiya ne, kuma ban wanke mai sha ba, akwai masu sha don iskanci kawai, har da 'ya'yan masu kuɗin da ko tsinke ba sa ɗagawa. Armstrong ma ba wanda ya ɗaure shi, ya ci hukuncinsa kuma ya cancanta. Amma shi ya tara miliyoyin daloli kafin a kama shi. Inji da me ya koma Jigawa? Za a kuma ce ai aikin gwamnati ne. To gwamnati na nata. A Mayun 2018 an hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi, bayan BBC ta tona yadda ake cinikinsa. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a shekarar ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin suke sha. Buba Marwa, wanda Keke Marwa ya samo suna daga gare shi tun yana gwamnan soja a nan Legas, an ba shi NDLEA a Janairun 2021, kuma a 2022 yaransa sun kama tiramol fiye da miliyan 13 a wani katafaren gida a Lekki. A Lekki fa, ba a ƙarƙashin gadar Ketu ba. Likita kan rubuta mai lamba 50 ko 100, amma wanda aka kama mai 225 ne. Ana matsa wa tiramol lamba sai ga wasu sababbi sun ɓullo, irin su Tafrodol, da BBC ta bi sawunsu har Indiya a 2025. Haka dai aka yi ta yi a Faransa, a gano gwajin wannan, likitocin ƙungiya su koma wancan. Muddin akwai mai neman ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, mai sayarwa ba zai rasa abin kawowa ba. Mu ne masu neman.

Kuma mu tuna a garin mutane muke. Duk ranar da wani yaronmu ya sha ya yi aika-aika, ba za a ce wane ɗan wane ba, cewa za a yi Hausawa. Waɗanda suka ga rikicin Maris ɗin 2016 a nan Mile 12 sun san yadda ƙaramar magana ke zama gobara. Da aka hana acaɓa a Kosofe a 2022, yaran da suka rasa babur da dama kasuwa suka shigo neman dako, hannu ya yi yawa, kowa na neman ya fi wani sauri.

Abin da nake roƙon iyayenmu ba wani abu ne mai wuya ba, kuma ba ya buƙatar Abuja. Mota ɗaya a ƙara mata hannu, ko da ribar kwando biyu za ta tafi. Buhun da sai mutum uku sun ɗora wa ɗaya, a ɗauke shi a baro ko a rage masa cika. A daina kiran direba ana ce masa in ya kwana a hanya asarar a wuyansa take. Mai shayi ko mai kemis ɗin da kowa ya san abin da yake miƙawa ta ƙarƙashin tebur, shugabannin sashe sun fi NDLEA sanin rumfarsa. In yaro ya faɗi, kada a tsaya a kuɗin mota, a kai shi inda ake taimakon masu son dainawa, don yanke ta rana ɗaya ma wata azabar ce, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da rashin barci.

Na gwada faɗa wa Baba wannan a makon jiya, bayan sallar isha'i. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in ya ƙara mutum biyu a mota kuma maƙwabcinsa bai ƙara ba, nan da wata uku maƙwabcin zai karye masa farashi. Na ce Baba, ai abin da manajan Festina zai faɗa ke nan. Ya ce wane ne kuma Festina? Na ce wasu masu keke ne. Ya ce in tashi in je in kwanta, motar Aliero za ta shigo ƙarfe uku.