Gasar Kamun Kifi ta Argungu: Sai Hanya Ta Yi Kyau

Da hunturu ya fara ja da baya, hankalin mutanen Boɗinga da Shagari kan koma Argungu. An yanke Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, amma har yau bikin gida ne a wurinsu. Asalinsa ma sulhu ne: a 1934 Sarkin Musulmi Hasan ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwatawa da Kabawa.

Sai dai rashin tsaro ya taɓa tsayar da gasar wajen shekara goma, sai a 2020 ta dawo. Kifi dai yana nan a Matan Fada. Aikin gwamnatocin jihohin biyu shi ne tsare hanya, domin ba masuncin da zai ɗauki gora da homa ya bi inda ake tare motoci.